Bougainville: Tagulla Da Neman 'Yanci

Mai karatu, ni ba mai son a yi ta yanka ƙasashe ba ne, amma tarihin Bougainville ya sa na sassauta.

Tsibiri ne a tekun Fasifik, kusan kilomita 1,000 daga Port Moresby, babban birnin Papua New Guinea. Makwabtansu na jini suna tsibiran Solomon. Jamus da Ingila ne suka shata iyakar da ta raba su. Tun 1975 suka ayyana 'yanci, babu wanda ya kula su.

To, sai batun tagulla. Ma'adinin Panguna, da aka buɗe a 1972, ya cika baitulmalin gwamnatin tsakiya, su kuwa masu ƙasa aka bar su da gurɓataccen kogin Jaba. A 1988 Francis Ona ya jagoranci tawaye, aka shekara goma ana yaƙi, dubbai suka mutu, da yawa don rashin magani lokacin da aka killace tsibirin.

Yarjejeniyar 2001 ta yi alkawarin ƙuri'ar raba gardama. A 2019 kusan kashi 98 cikin 100 suka zaɓi 'yanci. Abin da ke damuna, yarjejeniyar ta bar kalmar ƙarshe a hannun majalisar Port Moresby.