Kunnen Bakanike a Hanyar Damargu

Damargu ƙasar hanya ce tun asali. A ƙarni na 19 ayarin Abzinawan Kel Ewey da fataken Gadamas ta nan suke ratsawa tsakanin Kano da Agadas, suna cika tayakansu da geron ƙasar. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya fataucin hamada zuwa Tarabulus, daga baya kuma mota ta gaji raƙumi a turbar Damagaram zuwa Tanut da Agadas, wadda yau ake kira RN11. Da motar wata sana'a ta shigo wadda nake ganin an raina zurfinta, wato saita wutar inji da kunne.

A injin fetur dole buji ya ba da tartsatsi tun fistan bai gama hawa ba, domin mai ba ya ƙonewa nan take, kuma gwargwadon gudun inji, gwargwadon sammakon da ake so wutar ta yi. A tsofaffin motoci irin Peugeot 404 da 504, waɗanda suka yawaita bayan buɗe masana'antar Peugeot ta Kaduna a 1975, wannan aikin dalko ne: a cikinsa akwai ƴan ƙarafa masu nauyi da sifirin, suna buɗewa in inji ya ɗauki gudu, su gaggauta wutar. Sai dai kamfani ya tsara lissafinsa bisa mai mai inganci ɗaya. A Damargu kuwa ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga lodin buhuna da awaki ranar kasuwa, ga rairayin hanyoyin Balbeji, ga man ruwa-ruwa na kwalba da ba mai tabbacin ingancinsa. In wuta ta cika sammako, inji ya dinga ƙwanƙwasa har fistan ya huje. In ta makara, mota ta yi zafi, ta sha mai, ta kasa hawa tudu. Bakaniken da ke sassauta dalko, ya juya shi kaɗan, ya kasa kunne, ya sa direba ya taka da lodi, gyara lissafin kamfani yake yi ya dace da ƙasar da mai lissafin bai taɓa takawa ba. Wannan ilimi ne, ko da ba a rubuce yake ba.

Wani zai ce kunne ba ma'auni ba ne, kuma zamaninsa ya wuce: manyan motocin Agadas gas suke sha, ba su da buji, sababbin motoci kwamfuta ke saita musu wuta, tun 2011 kuma matatar SORAZ, mai tace ganga 20,000 a rana, tana cikin gundumar Tanut kanta, wato ingantaccen mai ya zo kusa. Akwai gaskiya a nan, har da ƙari, domin ƙwanƙwasar da ke faruwa a babban gudu ƙarar inji kan ɓoye ta, fitilar saiti kuma ta fi kowane kunne daidaito. Amma a duba abin da kwamfutar ke yi: wata ƴar na'ura a jikin inji ke sauraron ƙwanƙwasa, da ta ji sai a ja wutar baya. Dabarar bakaniken ce aka mayar cikin waya. Kuma tsofaffin motocin da ke kai mutane kasuwannin ƙauye ba su ƙare ba, man kwalba ma haka.

Saboda haka cibiyoyin koyar da sana'a na jihar Damagaram su ba yara fitilar saiti da na'urar binciken inji, amma su gayyato tsofaffin garejin Tanut su koyar da sauraro tun suna raye.