Keke da turbobin karkara a arewacin Kano

A ƙasar Faransa ana kashe maƙudan kuɗi wajen gina hanyoyin da mota ba ta bi, domin masu yawon buɗe ido su hau keke su ratsa gonaki da ƙauyuka cikin natsuwa. A arewacin jihar Kano kuwa irin waɗannan hanyoyi sun daɗe da samuwa, ba tare da wata hukuma ta zana su ba. Ƙafar mutane da kofaton jakuna da na shanu ne suka fitar da su, daga baya keke ya zo ya same su.

Yankin da ake magana a kai shi ne wanda ya tashi daga Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, ya nausa zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jigawa, wadda ba ta da tsaunukan da za su wahalar da mai tuƙa keke.

Ƙasar da babu daji

Masanin ilmin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da kuma Jami'ar Bayero, yana cikin waɗanda suka fito da sunan wannan yanki a duniyar bincike. A wani nazari da suka wallafa shi da J. Wilson a 1965, sun bayyana kewayen birnin Kano a matsayin ɗaya daga cikin wuraren da manoma suka fi cunkoso a Afirka ta Yamma, inda ake samun sama da mutum 140 a kowace murabba'in kilomita. Tun a wancan lokaci kusan kowace gona ana noma ta duk shekara, ba a barin ta ta huta.

Wannan cunkoso shi ne asalin yawan hanyoyin. Mutane ba su taru a manyan garuruwa kawai ba. Gidaje a warwatse suke cikin gonaki, kowane gida da turbar da ta haɗa shi da rijiya, da masallacin Juma'a, da kasuwa, da gidan dagaci ko mai unguwa. Matafiyi ba ya yin nisa bai ci karo da gida ko rumbu ko wani manomi da zai tambaya hanya ba.

Gonakin kuma ba fili ne fetal ba. Manoma sun bar itatuwa masu amfani a tsaye, irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya, ga kuma darbejiya da aka shigo da ita zamanin Turawa. Gawo dai itace ne mai saɓa wa sauran, domin da damina yake zubar da ganye, da rani kuma ya yi kore. Saboda haka ba ya tare wa gero rana, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a gindinsa mai keke ke samun inuwa.

Turba da burtali

Hanyoyin iri biyu ne. Akwai turba, siririyar hanyar ƙafa da ke bin iyakar gonaki, wadda sau da yawa mutum biyu ba sa iya jerawa a kanta. Akwai kuma burtali, hanyar dabbobi mai ɗan faɗi, da ake shinge ta da aguwa ko wasu tsirrai domin kada shanu su faɗa cikin shuka a kan hanyarsu ta zuwa kiwo ko mashaya.

Masu keke sun fi son turba. Ƙasarta ta daddale saboda yawan takawa, taya na gudu a kanta salin-alin. Burtali kuwa kofato ya tuttuƙe shi, da rani yakan zama rairayi zalla, dole mahayi ya sauka ya tura. Wanda ya saba da yankin yakan bi gefen burtalin, daf da shinge, inda ƙasa ta fi tauri, sai dai a nan ne kuma ƙaya take. Tsidau, wata ciyawa mai shimfiɗa a ƙasa da 'ya'ya masu tsini, ita ce babbar abokiyar gabar tayar keke, kuma ita ce ke ciyar da masu faci da ake samu a gindin bishiya a kusan kowace mararraba.

Kowane lokaci na shekara da yadda yake sauya tafiyar. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama na danne yashi, hanya ta yi daɗi, amma gero da dawa sukan yi tsawo har su rufe mahayi, ba ya ganin mai tahowa sai sun yi kiciɓis, abin da ya sa ƙararrawa ke da muhimmanci. Rafuka kuma sukan kawo ruwa, a saɓa keke a kafaɗa a tsallaka. Bayan kaka, da an sare kara, sai ƙasa ta buɗe, a hango ƙauye daga nesa. Watannin Nuwamba zuwa Janairu su ne mafi sauƙi ga tafiya mai nisa, in dai mutum zai jure wa sanyin asuba da hazon hunturu.

Yadda keke ya shigo

Keke ya bazu a ƙasar Kano ne tare da kuɗin gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama abin da manomin karkara ke sayarwa ya riƙe tsabar kuɗi. Da farko malaman En'e da 'yan kasuwa da masu sayen gyaɗa ne ke hawan abin da dattawa ke kira basukur ko laulawa. Sannu a hankali ya zama abin da saurayi ke burin saya idan kaka ta yi kyau.

Keken Raleigh na Ingila, wanda aka fi sani da Rali, shi ne ya yi tashe, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya kekunan Phoenix na ƙasar Sin da na Indiya suka mamaye kasuwa saboda araha, sannan aka shiga yayin kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga ƙetare. Yawancin magidantan yankin ba da keken gidansu suka koya ba. A wurin masu haya suka koya, ana biyan kuɗi a hau na ɗan lokaci, yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya domin bai isa sirdi ba.

A nan keke abin neman abinci ne. Ana ƙarfafa kariyar baya da ƙarfe a wurin mai walda, a ɗaura buhun hatsi, ko jarkokin ruwa, ko kejin kaji, ko damin itace. Ranar Lahadi hanyoyin da suka nufi kasuwar Ɗambatta sukan cika da irin waɗannan kekuna tun da sassafe. Masu noman rani a bakin madatsun ruwa na Tomas da Watari da Jakara da shi suke fitar da tumatir da albasa zuwa bakin titi, inda mota ke jira. A da jakuna ne ke kai itace birni su komo da taki. Keke ya karɓi wani kaso na wannan aiki, duk da cewa a cikin yashi har yau jaki ya fi shi.

Abin da Faransa ta yi

Faransawa na kiran hanyoyinsu da sunan da ke nufin korayen hanyoyi, kuma doka ta hana ababen hawa masu inji bin su. Akasarinsu tsofaffin layukan dogo ne da aka daina amfani da su, ko kuma hanyoyin gefen magudanan ruwa inda dawakai ke jan jiragen ruwa a zamanin da. Ɗaya daga cikin na farko ita ce wadda aka buɗe a 1997 tsakanin garuruwan Givry da Cluny a yankin Burgundy. Akwai hanyar da ke bin kogin Loire mai tsawon kusan kilomita 900, ko da yake wani sashe nata ƙananan tituna ne da ake rabawa da motoci ƙalilan. Akwai kuma ta gefen Canal du Midi, magudanar da aka kammala haƙawa a 1681, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1996.

Ƙauyukan da hanyoyin suka ratsa na cin gajiyarsu, domin baƙi na kwana a masaukai, suna sayen abinci, suna hayar kekuna. Babban bambancin da ke tsakanin nan da can dai shi ne, hanyar Faransa tana cikin taswira, tana da alamomi, tana da hukumar da ke gyara ta. Turbar Kano ba ta da mai kare ta sai al'ada da kuma kunyar maƙwabci.

Matsin da hanyoyin ke fuskanta

Yayin da ake ta raba gonaki wajen gado, kowane taku na ƙasa ya zama abin so. Manomi yakan ƙara kunya ɗaya cikin burtali bana, baɗi ya ƙara wata, har hanyar da garke ke bi ta koma wadda saniya ɗaya ke wucewa da ƙyar. Toshe burtali na cikin manyan musabbaban rikicin manoma da makiyaya a arewacin Najeriya, duk kuwa da cewa tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Idan burtali ya mutu, ba makiyayi kaɗai ya yi asara ba, har da ɗalibin da ke yanke ta nan zuwa makaranta.

Sai kuma babur. Tun da baburan ƙasar Sin masu araha suka yawaita a farkon shekarun 2000, turbobin da a da babu abin da ake ji a kansu sai ƙararrawa suka zama na 'yan acaɓa, kuma tayar babur na tone hanya ta mai da ita yashi. Keke ya koma abin hawan yara da dattawa da wanda ba shi da hali. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke, amma aka mai da abin na raha, musamman bayan da wata motar safa ta banke shi a Abuja yana kan nasa keken.

Abin da kiran minista bai yi ba, tsadar mai ta yi. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki. Jama'a da dama a Kano suka jingine babura, suka fito da tsofaffin kekuna aka sa musu sabuwar kaca da taya.

Batun yawon shaƙatawa a kan keke irin na Faransa kuwa, da sauran tafiya. Babu masaukai a ƙauyukan, babu taswirar turbobin, ga kuma matsalar tsaro, domin a 2025 'yan bindiga sun kai hare-hare a ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da jihar Katsina. Wani sabon al'amari shi ne layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, ya kuma bi ta Ɗambatta da Kazaure da Daura. Layin ya gitta turbobi da burtalai masu yawa, kuma wuraren da aka bar wa jama'a da dabbobi su tsallaka ne za su nuna waɗanda za su ci gaba da rayuwa daga cikinsu.