Daga Tagar Leƙe Zuwa Allo: Tarihin Idon Mai Hoto

Duk wanda ya riski zamanin fim ya san tsayuwar mai hoto. Zai kanne ido ɗaya, ya manna ɗayan a 'yar tagar da ke saman kyamara, sannan ya ce kowa ya nutsu. Wannan taga, wadda za mu kira tagar leƙe, ita kaɗai ce ke nuna masa abin da zai shiga hoto. Ko aiki ya yi kyau ko ya ɓaci, sai an wanke fim zai sani.

A ƙananan kyamarori tagar tana da aibinta. Ba ta cikin gilashin da ke ɗaukar hoton take kallo ba, tana ɗan samansa ne. Saboda haka idan mutum ya matso kusa, abin da ido ya gani yakan saɓa da abin da ya fito, har a yanke wa wani hula.

Zuwan dijital bai kawar da tagar nan take ba. Kyamarar da Steven Sasson ya harhaɗa a kamfanin Kodak na Amurka a 1975 ba ta da allo. Takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kaset, sannan a kalle shi a talabijin. Ita ma QuickTake 100 ta kamfanin Apple, wadda ta fito a 1994, da taga ake leƙawa, hoton kuma sai an kai shi kwamfuta.

Sauyin ya zo ne a 1995, lokacin da kamfanin Casio na Japan ya fitar da QV-10. A bayanta akwai allo mai inci 1.8, tagar kuwa babu ita sam. Daga nan mai hoto ya janye kyamara daga fuskarsa, ya riƙe ta a gabansa. Ya ɗauka, ya duba, ya goge, ya sake. Waɗanda aka ɗauka ma suka samu bakin cewa, "Mu gani!"

Amma kowane allazi da nasa amanu. Allo yana shan batir, yana dusashewa a tsakar rana, hannun da aka miƙe kuma ya fi saurin rawa. Wannan ya sa tagar ta dawo da sabon salo a Fujifilm X100 a 2011, da Sony RX100 III a 2014. Allon kuwa wayar hannu ta gaje shi, har ta kai Casio ya daina ƙera ƙananan kyamarori a 2018.

Abin lura ga marubuci shi ne, mai taga yakan zaɓa kafin ya danna, domin kowane hoto kuɗi ne. Mai allo kuwa yakan danna sannan ya zaɓa. Haka rubutu ya koma tun da kwamfuta ta sauƙaƙa gogewa. Sauƙin gyara alheri ne, amma bai ɗauke wa kowa nauyin tsayawa ya duba da kyau tun farko ba.