Gita ba ta da gidan gado: yadda hoton bidiyo ya koyar da kiɗan rok a Nijar

A shekarun da nake kolej, akwai wani zaure a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi inda ake shiga kallon bidiyo da dala biyar. An jera bencina, an toshe taga da buhu, talabijin tana bisa tebur. Fim ɗin Indiya ko na karate ake zuwa gani, amma kafin zauren ya cika, mai wurin yakan saka wani tsohon kaset na waƙoƙin ƙasashen waje domin a rage zaman jira. A cikin wannan kaset na fara ganin wani baƙin mutum mai tulin gashi, ya ɗaura ƙyalle a goshi, ya riƙe gita a hagunce, yana sa ta kuka kamar mai rai. Babu wanda ya san sunansa a cikinmu. Sai bayan shekaru na gane cewa Jimi Hendrix ne, a taron Woodstock na 1969, kuma ya rasu tun 1970, kafin a haifi ko ɗaya daga cikin yaran da ke zaune a zauren.

Abin da na riƙe daga ranar shi ne halin wani abokina da ke kusa da ni. Mu muna sauraro, shi kuwa yatsun mutumin yake kallo, yana kwaikwayonsu a kan cinyarsa. Wannan maƙala tana bin sawun wannan kallo ne: yadda hoto mai motsi ya zama malamin kiɗa a ƙasar da aka saba gadon kiɗa daga uba, da abin da hakan ya haifar a Nijar.

Kiɗa da gado a ƙasar Hausa

A al'adarmu kowane abin kiɗa yana da gidansa da ubangidansa. Tambari da kakaki da algaita na fada ne, kamar yadda har yau ake ji a ƙofar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Sarkin Gobir a Tsibiri ranar salla. Kalangu na mahauta ne tun asali, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, goge da garaya kuwa sun fi kusa da ƴan bori. Ɗan makaɗi yana tashi cikin amon, yana riƙe wa mahaifinsa kaya, yana amshi, har hannunsa ya faɗa. Wanda bai gada ba, musamman ɗan malami ko ɗan sarauta, idan ya taɓa ganga sai a ce ya zubar da girman gida, domin kiɗa da roƙo tafiyarsu ɗaya. Ko Alhaji Mamman Shata, wanda bai gaji waƙa ba, sai da ya sha faɗan mahaifinsa kafin duniya ta san shi.

Gita ta shigo wannan tsari a matsayin baƙuwa. Ba ta da zuriya, ba ta da sana'ar da take yi wa kirari, babu sarkin da ya naɗa mata sarki. Wannan rashin gida ya buɗe ƙofarta ga kowa: ɗan makaranta, soja, makiyayi, ma'aikacin gwamnati. Amma ya zo da matsala guda. Abin da ba a gado, a wurin wa za a koye shi?

Asalin kiɗan

Kiɗan rok ya fito ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, daga kiɗan bulus na jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, haɗe da waƙoƙin coci da na ƙauyawan Turawa. Elvis Presley ya yi faifansa na farko a Memphis a 1954, shekarar da kamfanin Fender ya fito da gitar lantarki mai suna Stratocaster. Chuck Berry ya biyo baya a 1955. Daga nan samarin Ingila, irin su Beatles da Rolling Stones, suka ɗauka suka mayar wa Amurka da shi a shekarun 1960. Masana da dama sun nuna cewa banjo, wadda bayi suka ƙera a can, ƴar uwar molo da gurmi ce: ƙoƙo, fata, sanda da tsirkiya. Saboda haka kunnen da ya saba da kuntigin Ɗan Maraya Jos ba ya rasa abin kamawa idan ya ji bulus.

Zamanin kunne

Ƴan bokon Nijar na shekarun 1960 da 1970 sun san rok ta faifan garmaho da rediyo da mujallun Faransa. Yayyenmu da suka yi lise a lokacin suna ba da labarin Johnny Hallyday da mujallar Salut les copains, da wando mai faɗin ƙafa, da James Brown da Santana. Ta kudu kuma, Legas tana da nata rok: ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege, waɗanda ƴan makarantar sakandare ne suka kafa ta biyun, kuma a Legas ɗin ne Paul McCartney ya naɗi mafi yawan faifansa Band on the Run a 1973. Maraɗi, da yake garin fatauci ne, kayan Nijeriya suna shigo mata ta Jibiya da Ɗan Isa, kaset yana cikinsu.

Sai dai duk wannan ji ne kawai. Mai son koyo yakan mayar da kaset baya sau ashirin yana laluben inda sautin yake a jikin tsirkiya, wani lokaci ya dace, sau da yawa ya ɓata.

Gani ya kori ji

Ranar 1 ga Agusta 1981 aka buɗe tashar MTV a Amurka, wadda a wancan lokaci aikinta dare da rana shi ne nuna waƙoƙi masu hoto. Daga lokacin, waƙar da ba ta da bidiyo ta zama kamar amarya ba lefe. Thriller na Michael Jackson ya fito a 1983, fim ɗin Purple Rain na Prince a 1984, Money for Nothing na Dire Straits a 1985. Mu a nan ba mu kama MTV ba. Abin da ya iso mana shi ne kwafin kwafi, kaset ɗin da wani ya naɗa a Faransa ko Legas, ya bi hannu goma kafin ya zo Sabon Gari, launinsa ya koɗe, babu suna, babu shekara. Shi ya sa muka haɗu da tsohon rok da sabo a rana ɗaya, muka ɗauka Hendrix da Prince sa'o'in juna ne.

A daidai wannan lokaci ƙasar tana gina nata kiɗan zamani. Talabijin ta fara a Nijar a 1964 a matsayin kayan koyarwa a makarantun firamare, ta zama Tele Sahel ta kowa da kowa a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, lokacin da samariya da bukukuwan matasa suke tashe. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren mai gogen nan na Tawa, domin ƙarfafa kiɗan zamani, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Yamai mai ɗauke da sunan Alhaji Taya. Daga cikin waɗanda wannan zamani ya fito da su akwai namu na Maraɗi, Sa'adu Bori, wanda ya ɗora amon bori a kan gita da ganga ta zamani, ya yi faifan Niamey Twice tare da Musa Pusi a 1994, waƙoƙinsa suka ratsa har Kano. Ya rasu a hatsarin mota a 2008. Ganinsa a Tele Sahel ya nuna wa yaran Maraɗi cewa gita tana jin Hausa.

Ba kowa ne ya yi maraba da wannan ba. Iyaye da malaman addini da yawa sun ɗauki zauren bidiyo a matsayin wurin lalacewar tarbiyya, kuma ba a rasa dalili ba, domin ba duk abin da ake nunawa ne ya dace da yaro ba. A ƙarshen shekarun 1990 kuma finafinan Kano suka mamaye zaurukan da waƙoƙinsu na fiyano, kaset ɗin rok ya koma ƙasan akwati. A ƙasar Hausa, fiyano ta ci gita da yaƙi.

Abin da ya faru a arewa

A wajen Abzinawa labarin ya bi wata hanya. Farin shekarun 1970 da 1980 ya kori samarinsu zuwa Aljeriya da Libiya, inda ƙungiyar Tinariwen ta ƴan Mali ta fara rera waƙoƙin gudun hijira da gita. A Nijar, Abdallah ag Umbadugu da ƙungiyarsa Takrist n'Akal suka zama muryar tawayen shekarun 1990, ana yawo da kaset ɗinsu a ɓoye har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995.

Umaru Muktar, wanda duniya ta sani da Bombino, an haife shi a 1980 a yankin Agadas, kuma yana yaro rikicin ya kai iyalinsa Aljeriya. Shi da kansa ya sha faɗin cewa shi da abokansa sun yi ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da na Mark Knopfler na Dire Straits, suna maimaitawa har suka kwashe salon yatsunsu. Wato abin da abokina yake yi a kan cinyarsa a Sabon Gari, shi wani yaro yake yi a Tamanrasset da gita ta gaske. Tawaye na biyu ya sake kai shi gudun hijira Burkina Faso a 2007. Da ya dawo, ya yi wasa a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas a farkon 2010, aka ɗauki hoton taron. A 2013 ya fitar da faifan Nomad, wanda ya naɗa a Nashville tare da Dan Auerbach na ƙungiyar Black Keys, faifansa Deran na 2018 kuma ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin jerin masu neman kyautar Grammy, wadda Tinariwen suka ci a 2012.

Daga Sakkwato zuwa salula

Labarin Mdou Moctar ya fi kusa da mu. Ya tashi a yankin Tawa, a gidan da ba a son kiɗa, ya ga wasan Abdallah, ya koma ya ƙera gita da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, a irin ɗakunan da ake naɗar waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba. Daga salula zuwa salula suka yi ta tafiya, ta Bluetooth da katin waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su, ya saka ɗaya a tarin da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011. A 2015 su biyun suka fito da fim a Agadas da harshen Tamashek, wanda aka gina bisa Purple Rain, sunansa kuwa yana nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mdou bahago ne kamar Hendrix, kuma sai da ya girma ya ga salon Eddie Van Halen a YouTube ya ɗauki abin da ya ɗauka. Faifansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 sun sa jaridun Amurka da Turai suna lissafa shi cikin manyan masu gita na wannan zamani.

Ƙofar da ba ta da mai gadi, mata ma sun shige ta. Fatu Seidi Ghali ta ƙauyen Illighadad ta koyi gita da kanta a kan ta yayanta, ƙungiyarta Les Filles de Illighadad ta fitar da faifan farko a 2016, ta kuma zagaya Turai da Amurka.

Abin da ya rage gare mu

Kwanakin baya na nuna wa ɗalibaina na aji na ƙarshe hotuna uku da na fi so: Hendrix a Woodstock, Bombino a gindin hasumiyar Agadas, da wani guntun wasan Sa'adu Bori da na samu, hotonsa duk ya dushe. Na farkon wasu sun taɓa ganinsa a waya. Da na biyu ya fito, wata yarinya ƴar Jiratawa ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, wannan ɗan Nijar ne?" Na ukun kuwa, ɗan garinsu, mutum biyu kawai suka san sunansa, su ma daga bakin iyayensu.

A nan matsalar take. Kiɗan gado yana da masu riƙe shi, domin ɗa yana karɓa daga uba ko da babu kaset. Kiɗan da aka koya ta hoto kuwa, hoton ne gidansa, idan hoton ya lalace babu wani magaji. Wasan Woodstock yana nan garau bayan shekaru fiye da hamsin saboda an adana shi. Namu kaset na shekarun 1980 da 1990 zafi da ƙura da gara suna cinye su a cikin akwatuna, katin waya kuma ranar da ya ƙone ya tafi da duk abin da ke cikinsa. Yawancin abin da duniya ta sani na gitar Nijar, kamfanonin waje ne suka tattara shi.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa za su iya yin shela a kawo tsofaffin kaset na bukukuwa da na wasannin gidan matasa, a juye su a kwamfuta, a mayar wa masu su. A rubuta sunan mai kiɗa, da wurin, da shekarar, tun waɗanda suka halarta suna raye, don kada jikokinmu su gaji hoto marar suna irin wanda muka gani a zaure. Mu malamai kuma muna iya ba ɗalibai aikin tambayar tsofaffin makaɗan unguwarsu, na ganga da na gita, su rubuto da Hausa da Faransanci. Abokin nan nawa bai zama makaɗi ba, tela ne a kasuwa, amma ya gaya mini cewa kaset goma sha ɗaya suna nan a ɗakin mahaifiyarsa. Da su za mu fara.