Kanikanci a Hanyar Cadawa: Daga Kafireta zuwa Ƙwaƙwalwar Mota

Garin Cadawa yana bisa babbar hanyar nan da ta ratsa ƙasar Nijar daga yamma zuwa gabas, wadda ta taso daga Yamai, ta biyo ta Birnin Ƙwanni da Madawa da Gidan Rumji da Maraɗi, sa'an nan ta zarce Agiye da Gazawa da Tasawa har Damagaram, kuma a nan Cadawa ne wani reshe ya rabu ya nufi Mayahi. Duk garin da Allah ya aza a mararraba irin wannan, ba makawa ya tara ma'abota sana'ar mota, direbobi da 'yan kamasho da masu faci da kanikawa, domin mota ba ta zaɓen inda za ta lalace, kuma matafiyi ba ya iya jiran a ɗauko masa gwani daga birni.

Asalin shigowar mota wannan yanki gyaɗa ce. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatake suka riƙa kora jakuna da raƙuma kudu da buhunan gyaɗa, har manyan motocin kamfanonin Turawa suka karɓi wannan jigila sannu a hankali. Bayan samun mulkin kai kuma gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don ta riƙe cinikin, alhazan Maraɗi suka sayi motocin kansu, irin su Berliet, suka ɗauki yara aiki. Daga cikin waɗannan yara, waɗanda suka fara da karen mota, suna sa weji suna ɗora kaya suna kwana ƙarƙashin mota a daji, aka sami kanikawa da yawa na farko. Bayan manyan motoci sai Peugeot 404 da 504 suka cika hanya, musamman da aka fara harhaɗa 504 a Kaduna a 1975, kayan gyaranta suka wadata a kasuwannin Kano da Katsina.

Ilmin kanikancin wancan zamani ilmi ne na gaɓɓai, wanda ba a rubuta shi a littafi ba, sai dai almajiri ya ɗauke shi daga maigidansa cikin shekaru na haƙuri da ladabi. Injin yana shan fetur ta kafireta, wadda ke gauraya mai da iska bisa gwargwadon da bakanike ya saita da sukundireba, saboda haka duk illar da ta same shi tana da alama a zahiri. Baƙin hayaƙi na nuna mai ya yi yawa, shuɗi na nuna injin na ƙona baƙin mai, fari mai kauri kuwa ruwa ne ya shiga inda bai kamata ba. Gwani yakan kwance fulogi, ya dubi launin bakinsa, ya shinshina salansa, ya kara kunne ga injin, ya faɗi ciwon tun direba bai gama bayani ba. Wanda ya raina wannan ilmi bai san shi ba ne, gama ya ginu bisa lura da ƙiyasi da tajriba, kuma shi ne ya riƙe sufurin ƙasar nan shekaru masu yawa.

Abin da ya sauya al'amarin kuwa daga nesa ya taso, daga biranen da hayaƙin mota ya hana mutane numfashi. Amurka ta tsananta dokar tsabtace iska a 1970, masu ƙera motoci suka fara sa wata tukunyar tace hayaƙi a cikin salansa, mai ɗauke da ma'adinai masu tsada irin su filatinam. Amma wannan mataci ba ya aiki sosai sai in mai da iska sun gauraya bisa mizani madaidaici, wato kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi, abin da hannun mutum da kafireta ba za su iya tsarewa kowane lokaci ba. Don haka kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera na'urar auna oksijin, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976. Ita wannan na'ura, da kanikawanmu ke ce wa sansa, ana ɗaura ta ne a bututun hayaƙi, bakinta a ciki, tana gwada oksijin da ya rage a hayaƙi da na iskar waje, tana aika wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, 'yar wuta da ba ta kai bolt 1 ba: in ta yi ƙasa, kusan 0.1, iska ta rinjayi mai. In ta hau kusan 0.9, mai ya rinjayi iska. Ƙwaƙwalwa kuwa sai ta ƙara ko ta rage man da injekta, wadda ta maye gurbin kafireta, ke fesawa, haka dai ba fashi muddin injin na tafiya. Sansa ba ta magana sai ta yi zafi kimanin digiri 300, shi ya sa daga baya aka sa mata abin ɗumama kanta. A 1996 Amurka ta wajabta wa kowace sabuwar mota kafar bincike iri ɗaya mai baki 16, Turai ta bi sahu ga motocin fetur a 2001.

Mu kuwa waɗannan motoci sun iso mu ne bayan sun tsufa a hannun masu su na farko. Jiragen ruwa suka riƙa sauke su a Kwatano, ana koro su ta Faraku da Gaya har Maraɗi, wasu su tsaya a nan, wasu su ƙetara ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Cikinsu akwai Toyota Hiace, wadda ta zama abin hawan talaka tsakanin kasuwannin mako na Agiye da Gazawa da Cadawa, tana ɗaukar mutane a ciki, buhunan gero da wake da awaki a bisa. Masu shan gas da masu kafireta ba su kawo wata sabuwar mas'ala ba, amma masu injekta sun tarar da ƙasar da ba a shirya musu ba. Fetur mai gaurayen darma, wanda ke kashe sansa cikin ɗan lokaci, bai bar gidajen mai na Afirka kudu da Sahara ba sai farkon 2006. Ga kuma man ruwa-ruwa da ake tsallakowa da shi daga Nijeriya a jarkoki, ana sayarwa a kwalabe bakin hanya, wani da ƙura, wani da ruwa, wani an sirka shi da kananzir. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga ramuka da ke fasa salansa suna tsinka wayoyi.

Da fitilar gargaɗin nan mai siffar injin ta fara kamawa a gaban direbobi, mota na shan mai fiye da ƙima, tana tari, tana baƙin hayaƙi, tsofaffin kanikawa suka koma ga abin da suka sani. Wasu suka cire injekta da ƙwaƙwalwa ɗungum suka ɗora kafireta. Wasu suka fasa salansa suka zazzage matacin, wanda akwai masu sayensa saboda ma'adinan da ke ciki. Wasu kuwa suka kwance ƙwan fitilar kawai don hankalin direba ya kwanta. Ba na ganin adalci ne a zarge su, alhali babu wanda ya zo musu da littafi ko na'ura, ga mai mota tsaye yana son ya kama kasuwar gobe. Amma hasarar ta tabbata, domin ƙwaƙwalwar da aka raba da sansarta takan koma ga wani ƙiyasi da aka ajiye mata, ta riƙa ba da mai a yalwace, kuɗin kuwa daga aljihun direba yake fita, hayaƙin kuma fasinja da masu tallar bakin tasha ke shaƙa.

Daga baya na'urorin bincike suka yi araha, har ya zamana da wayar hannu da ɗan abin da ake soka wa a kafar nan ana karanta lambobin ciwo. A nan ne wani sabon kuskure ya ɓullo, wanda a ganina ya fi na farko tsada, shi ne bin na'ura ido rufe. Sansa matsayinta matsayin mai shaida ne a gaban alƙali: tana faɗin abin da ta gani a hayaƙi, ba ta san sababinsa ba, kuma alƙalin da ya hukunta mai shaida don ya kawo mummunan labari bai warware shari'a ba. In na'ura ta nuna P0171, ma'anarsa iska ta yi yawa a gaurayen, kuma hakan na iya zuwa daga tsagaggen tiyo, ko famfon mai da ya raunana, ko matatar mai da ta toshe, ko injekta mai datti, ko huda a salansa kafin wurin sansa. P0135 na nuni ga abin ɗumama sansa, wanda sau da yawa fiyus ne ya ƙone ko waya ta goga a ƙarfe. Bakanike mai tahƙiƙi yakan bar injin ya yi zafi, ya dubi ko wutar sansa na hawa da sauka da hanzari, ya sa wa injin ƙarin mai ko ƙarin iska da gangan ya ga ko za ta amsa. In ta amsa, gaskiya take faɗa, sai a nemi illar a wani wuri. In kuma ta tabbata matacciya ce, wajibi ne a tambayi abin da ya kashe ta, ko baƙin mai ne injin ke ƙonawa, ko ruwan lagireto ke yoyo ciki, in ba haka ba sabuwar ma za ta bi ta.

Tsofaffin Toyota da suka riga kafar mai baki 16 suna da tasu hanyar: a haɗa TE1 da E1 da guntun waya, a kunna makulli, a ƙirga ƙiftawar fitila; in ta yi biyu, sa'an nan ɗaya, wato 21, sansar oksijin ke nan.

Tun da Nijeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, man ruwa-ruwa ya daina arahar da aka saba, direbobin wannan hanya suka fara lissafin kowace lita, masu motocin da aka kashe wa fitila suka fara tambayar abin da ke cinye musu mai. Rufe iyakar Binin bayan juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar ya ƙara wahalar samun kaya ta Kwatano, aka ƙara dogara ga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, inda ake samun sansa ta asali da aka ciro daga wata mota da kuma sabuwa ta jabu, farashinsu da ƙarkonsu ba ɗaya ba. A garejin yau sau da yawa za ka tarar yaron da ya yi boko shi ke riƙe da waya yana karanto lamba, maigida kuwa, wanda ya koyi aiki a kan 504, shi ke cewa a fara duba tiyon iska da fiyus kafin a aika Maraɗi sayen komai.