Awon Albarushi: Ilimin Da Ba A Rubuta Ba

Yau za mu ajiye labarin soyayya mu leƙa tarihi, a kan abin da kowa ke jin ƙararsa ranar hawan sallah amma ba kowa ya san haɗarinsa ba, wato bindigar toka da awon albarushinta.

Sunayen kansu baƙi ne. Bindiga da albarushi da harsashi duk daga Larabci muka aro su, alamar ta hanyar Sahara muka fara jin labarinsu. A ƙarni na 16 Mai Idris Alooma na Borno ya riƙe 'yan bindiga Turkawa a rundunarsa. Mu a nan kuwa, littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya nuna Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) ne ya fara ajiye dogarai 'yan bindiga. Daga baya bindigogin Turai masu araha suka riƙa shigowa ta bakin teku.

Mutanen arewacin Kano sun ɗanɗani hayaƙinta. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya sa ana haɗa albarushi ana ƙera igwa a Zinder. Da wannan ƙarfi Damagarawa suka kawo wa Kano yaƙi a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa. Amma ko a lokacin Turawa sun riga sun yi mana dabara. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 sun taƙaita sayar wa yawancin Afirka bindigar zamani, suka bar mana mai ɗuri ta baka. Shi ya sa da sojojin Kanar Morland suka iso Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 da igwa da bindiga mai jigida, ba a daɗe ana yi ba.

To ina maganar awo ta shigo? Bindiga ba komai ba ce illa bututun ƙarfe da ake tayar da wuta a cikinsa. Idan albarushi ya ƙone sai ya zama iska mai ƙarfi, ta nemi mafita, ta ingiza harsashi waje. In ƙarfin ya wuce abin da bututun zai ɗauka, mafitar sai ta zama gefe, inda hannun mai harbi da fuskarsa suke. Turawa sun gane haka tun da wuri. A 1813 aka kafa gidan gwajin bindiga a Birmingham ta Ingila, inda ake ɗura wa bututu fiye da kima a harba, in ya tsira a buga masa hatimi.

Mu kuwa hatiminmu bakin dattijo ne. Maƙeri ya san ƙarfen da ya yi aiki da shi, maharbi ya san bindigarsa kamar yadda ya san matarsa, yaro kuma sai ya shekara yana ɗaukar jaka kafin a bar shi ya ɗura. Awon wannan bindiga ba na waccan ba ne. Ba a rubuta ba, amma akwai mai tsawatarwa.

Abin ya ƙara rikicewa a 1884, lokacin da wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi, wanda shi ne ke cikin harsashin zamani. Ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, kuma bindigar toka ba don shi aka yi ta ba. Duk wanda ya farke harsashin zamani ya juye mata garinsa, da ransa yake wasa.

Kada mai karatu ya ɗauka mu kaɗai ke da wannan damuwa. A Amurka akwai masu sake ɗura kwanson harsashin ƙaramar bindiga a gida. Ba sa yi da ka, littattafai suke bi irin na kamfanonin Lyman da Hodgdon, waɗanda aka gwada awonsu da na'ura, ga kuma ƙungiyar SAAMI da aka kafa a 1926 tana ƙayyade iyakar ƙarfin da bai kamata a wuce ba. Duk da haka akwai harsashin da ke ba su ciwon kai, wanda dalma ce aka shafe da jan ƙarfe siriri. Shi ba dalma zalla ba, shi ba mai riga mai kauri ba, saboda haka awon waɗancan biyu ba lallai ya dace da shi ba. Masu hankalinsu kamfanin da ya yi harsashin suke tambaya, ba sa karɓar awo daga bakin wanda ba su sani ba. Ka ga ashe Bature da littafinsa da maharbin Dambatta da ubangidansa hanya ɗaya suka bi, wato kada ka yi kintace.

Abin tsoron shi ne namu littafin yana cikin ƙirjin tsofaffi, su kuwa suna ta tafiya. Daga Bichi zuwa Minjibir gona ta haɗe da gona, dajin farauta ya ƙare, koyon sana'ar ya ja baya. Amma bindigar tana nan, ta koma hannun samari 'yan sintiri da masu harbin biki da naɗin sarauta, inda ake gasar wa ya fi ƙara. Mai neman ƙara kuwa ƙarin gari yake yi, wani ma bututun nasa na famfo ne.

Dokar makamai ta 1959 ta ce ko bindigar toka sai da lasisin 'yan sanda, amma lasisi ba ya koyar da awo. Ya kamata sarakunan baka da shugabannin maharba su riƙa duba bindigogin yaransu kafin kowane hawa, su hana wanda bai koya ba ɗuri. Rigakafi dai ya fi magani, yatsa in ya tafi ba ya tofowa.

Allah ya kiyaye mu, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.