Sauya Giyabos da Gyara Reshiyon Aksil a Motocin Fowil na Ɗaukar Amfanin Gona

Yawancin ƙungiyoyin manoma da nake hulɗa da su a Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura mota ɗaya suke da ita, kuma galibi tsohuwar Hilux ce ko Land Cruiser mai bodi. Ita ke kai taki gona, ita ke kwaso riɗi da gyaɗa da kaka, ita ke fito da tumatir da albasa daga fadamun kogin Gari zuwa bakin kwalta. Ranar da giyarta ta lalace ana tsakar ɗibar tumatir, to asarar ba ta mota kaɗai ba ce, don kwandon tumatir ba ya jiran makanike. Wannan bayani na shugabannin ƙungiya ne da masu riƙe asusu, domin su san abin da za su biya wa kuɗi kafin su biya.

Yadda ƙarfi ke isa taya

Ƙarfin inji yana bi ta wurare uku. Na farko giyabos, mai giya biyar da ribas. Na biyu ogzilari, ƙaramin akwatin da ke manne a bayan giyabos, wanda ke raba ƙarfi zuwa gaba da baya, mai H2 da H4 da L4 a jikin sandarsa. Na uku aksil, inda ƙaramin finiyo ke juya babban faifai mai haƙora da makanikai ke kira kurawun. Kowanne yana rage gudu ya ƙara ƙarfi, kuma lambar da ke nuna yawan ragin ita ce reshiyo. Aksil mai 4.10 na nufin sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya: haƙora 41 a kurawun, 10 a finiyo. Haƙora 43 da 10 su ne 4.30, 41 da 9 su ne 4.56, 39 da 8 kuma 4.88. Girman lamba shi ne yawan ƙarfin ja, da kuma raguwar gudu.

Idan ana son sanin ƙarfin mota a wuri mai wuya, sai a ninka ukun. Giyabos W56 na tsofaffin Hilux giyarsa ta ɗaya 3.95 ce, L4 na ogzilarinsa 2.28, aksil 4.10, jimla kusan 37. R151F kuwa giyarsa ta ɗaya 4.31 ce, idan ta haɗu da ogzilari mai 2.57 da aksil 4.56 sai lissafin ya kai 50. Bambancin nan direba zai ji shi a ƙafarsa: mota mai 50 za ta hau gangaren dutse a yankin Roni da lodi ba tare da an taka rabin kulochi ba.

Kafin a ce giya ta mutu

Sau da yawa ana sauke giyabos lafiyayye a banza. Idan duk giyoyin suna wuyar shiga inji na aiki, amma suna shiga sumul idan an kashe shi, matsalar kulochi ce ko mansa, a fara duba nan. Idan giya tana fita da kanta a kan gargada, a duba robar gindin sandar giya da kujerar da giyabos ke zaune a kai, kuɗinsu kaɗan ne. Ƙara a kowace giya ban da ta huɗu alama ce ta boris na ciki, saboda a ta huɗu ƙarfi yana wucewa ne kai tsaye. Gurnani lokacin shiga giya ɗaya tak, misali ta biyu, zoben daidaita gudu na wannan giyar ne ya cinye. Kukan da ke tashi da gudun mota, ya canja murya idan an ɗaga ƙafa daga totur, wannan daga aksil yake, ba ruwan giyabos.

Boris da zobe ana canja su a gyara. Sai haƙora sun karye ko gidan ya tsage ake maganar sauyawa gaba ɗaya.

Sayen wani giyabos

Akasarinmu Ƙofar Ruwa a Kano muke zuwa, a sayo na Beljiyam. Kada ku tura mutum da sunan mota kawai. "Giyar Hilux" ba suna ba ne, akwai G52, G58, W56, R150F, R151F da sauransu. A jikin ƙaramin farantin ƙarfe da ke cikin bonet ko jikin ƙofa, Toyota na rubuta lambar giya da ta aksil. A ɗauki hotonsa. Mafi alheri ma a ɗora tsohon giyabos ɗin a tafi da shi, a ajiye su gefe da gefe.

Abubuwan da za a gwada su ne: kwanon da ke haɗuwa da inji, domin na injin fetur irin 22R ko 3RZ bai zama ɗaya da na dizal 3L da 5L ba, tsawon sandar da ke shiga kulochi da yawan tsagunta, ɓangaren da cokalin kulochi yake, tunda wasu an ciro su ne daga motoci masu sitiyari a dama, sai bakin da ke shiga ogzilari, wanda a tsofaffin Toyota akwai mai tsagu 21 akwai mai 23. A duba kuma inda sandar giya ke fitowa, da ko mitar gudu ta waya ce ko ta lantarki. Idan tsawon sabon ya bambanta ko da ɗan yatsa biyu ne, farfelar gaba da ta baya duk sai an taɓa su, kuma farfelar da aka yanke aka yi wa walda ba a daidaita ta ba, ita ce za ta riƙa karkarwa har ta cinye boris ɗin da kuka saya. Shawarata, in dai da hali a sayi giyabos da ogzilarinsa a haɗe, kada a yi gamin gambiza.

A gaban mai shago a sa kowace giya a juya sandar da hannu. A ta huɗu, juyi ɗaya a gaba ya ba da juyi ɗaya a baya. A kwance notin zubar da mai a duba maganaɗisunsa: baƙin gari mai laushi ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe da za a ji a yatsa, a bar musu kayansu. A rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji a jikin rasit, da shaida. Tunda an riga an sauke giya, a canja faifan kulochi da boris ɗinsa da oyil sil na bayan inji, don kuɗin aikin saukewa sau biyu ya fi kuɗinsu.

Reshiyon gaba da na baya dole su zo ɗaya

Nan ne aka fi yin ɓarna. Wata ƙungiya da nake zagayawa aksil ɗinsu na baya ya tashi aiki, suka sayo wani aka ɗaura, mota ta yi wata biyu lafiya lau saboda a H2 take yawo. Na baya 4.56 ne, na gaba 4.30, ba wanda ya duba. Ranar da direba ya sa fowil a cikin yashi ma ba a ji komai ba, don yashi yana barin taya ta zame. Da suka fito kan burji mai tauri da buhunan gero, sai mota ta fara ɗaurewa, sandar ogzilari ta ƙi fita, kafin su tsaya kuros ɗin farfelar gaba ya tarwatse. Sun yi sa'a ma abin bai kai ga ogzilarin ba.

Dalili shi ne a waɗannan motocin, H4 da L4 suna kulle farfelar gaba da ta baya su juya tare. Idan reshiyo ya bambanta, tayun gaba na son yin gudun da na baya ba sa yi, kashi shida cikin ɗari a wannan misalin, kuma ƙarfe ne zai biya bambancin. Haka abin yake idan tayun gaba da na baya ba girma ɗaya ba ne. Shi ya sa kuma ba a barin fowil a kan kwalta, ko da komai daidai yake.

Gwajin ba wuya. A tare tayu da dutse, a sa giya a firi, a sauke hambirki, a ɗaga taya ɗaya ta baya da jak. A yi alama da alli a taya da kuma farfela. A juya tayar sau biyu cif, wani yana ƙirga juyin farfela. Huɗu da ɗan kaɗan 4.10 ne, huɗu da kashi ɗaya cikin uku 4.30, huɗu da rabi da ɗan ɗoriya 4.56, dab da biyar 4.88. A maimaita a gaba bayan an kulle makullan tayun gaba, ogzilari yana H2. Idan tayar ta ƙi juyawa, aksil ɗin mai riƙe tayu biyu ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau ɗaya. A tsofaffin faranti, G292 na nufin 4.10, G282 4.30, G252 kuma 4.56, amma motar da ta shekara ashirin a hannun mutane, ni alli na fi yarda da shi.

Manyan tayu da canjin reshiyo

Masu shiga rairayin Ɓaɓura har iyakar Nijar suna son doguwar taya, kuma suna da gaskiya, tana ɗaga cikin mota. Sai dai taya 205R16 tsayinta kusan milimita 735 ne, 7.50R16 kuma kusan 805, ƙarin kusan kashi goma cikin ɗari ke nan. Ƙarfin ja zai ragu da kusan haka, kamar an mai da 4.10 ya koma 3.74. Direba zai ce mota ta yi sanyi, zai riƙa jan kulochi wajen tashi, mitar gudu kuma ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya.

Lissafin gyara shi ne tsohon reshiyo sau tsayin sabuwar taya, a raba da tsayin tsohuwa. A nan kusan 4.49 zai bayar, mafi kusa shi ne 4.56. A gudun kilomita 100 a giya ta biyar, injin da ke juyi kusan 2,500 a minti da ƙananan tayu zai sauko 2,300 da manya, 4.56 ya mai da shi 2,550. Idan aka je 4.88 sai ya kai 2,730. Motar da aikinta daga gona zuwa kasuwar ƙauye ne, 4.88 zai yi mata daɗi. Wadda ke zuwa Dawanau ko Maigatari duk mako kuwa za ta ƙara shan mai, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga asusun ƙungiya.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi kan aksil na gaba da na baya daga mota ɗaya, a ɗaura su yadda suke. Sa sabon kurawun da finiyo aiki ne na awo: ratar da ke tsakanin haƙoransu a aksil ɗin Toyota mai inci takwas milimita 0.13 zuwa 0.18 ce, siririya kamar takarda biyu. Makaniken da ba shi da agogon awo, kuma ba ya shafa fenti a haƙora ya ga inda suke haɗuwa, kada ku ba shi wannan aikin, komai iyawarsa a inji. Kurawun da finiyo tare ake sayensu, ba a haɗa na wannan da na wancan.

Wani lokaci kuma amsar ita ce a koma tayar asali, a rage iska idan an shiga yashi, a mayar in an fito. Kuɗin famfon iska kawai za a kashe.

Bayan an gama aiki

Giyabos da ogzilari 75W-90 suke so, aksil kuma mai alamar GL-5. Ba a zuba musu baƙin man inji. Idan sabon kurawun aka sa, kilomita 800 na farko ba lodi mai nauyi, sannan a zubar da man a sa sabo, don haka a tsara aikin kafin kaka, ba cikinta ba. Da damina, duk ranar da mota ta tsallaka ruwan da ya rufe aksil, washegari a buɗe notin mai a leƙa. In ya koma kalar kunu, ruwa ya shiga, a canja nan take.

A gaya wa direba ya daina ɗaukar lodi a giya ta biyar. Haƙoranta ƙanana ne kuma a can ƙarshen akwatin take, ita ce ta fi saurin mutuwa a motocin kaya. Da buhuna a baya, ta huɗu ce giyar tafiya, ko a kan titin Kano zuwa Daura ne. Sakataren ƙungiya kuma ya rubuta lambar giyar da aka sa, reshiyon aksil biyun da ranar canjin mai a littafin mota, ya ajiye kwafi a ofis, domin direba na iya canjawa kafin gyara na gaba.